Kundin aikin sa ido kan zirga-zirgar bayanai da amfani da manhajoji

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Ƙorafi ɗaya ne a wurin aikinmu ya jawo aikin nan: daga wajen ƙarfe tara na safe zuwa sha ɗaya, kiran bidiyo yana yayyankewa, shafuka kuma suna nauyin buɗewa. An kasu gida biyu a kan magani. Wasu na cewa a ƙara faɗin layi, wasu na cewa a toshe YouTube da Facebook kowa ya huta. Babu ɓangaren da ke riƙe da lamba ko ɗaya, don haka aka tsayar cewa ba za a saya ba, ba za a toshe ba, sai an auna.

Abin da ke ƙasa shi ne layin intanet mai 200 Mbps wajen saukewa da 40 Mbps wajen ɗorawa, da rautar Cisco a bakin layin wadda ke yin NAT (mayar da adiresoshin cikin gida su zama ɗaya idan za su fita intanet), da babban suwic mai ramukan jona kebul 24 na gigabit. VLAN, wato rukunan da aka raba na'urorin cikin gida, huɗu ne: na ma'aikata, na baƙi, na wayoyin tebur, sai na kamarori da firintoci. Suwic ɗin ne ke haɗa su da juna, saboda haka wayar kebul da ta tafi rauta ba ta ɗaukar komai sai abin da zai fita intanet ko ya shigo daga can. Na'urorin da ke hawa a yini sun kai wajen 180, duk a cikin 10.20.0.0/16.

An ware saba guda, kwamfutar da za ta tattara ma'aunai: Debian 12, RAM 16 GB, SSD 1 TB, katin sadarwa biyu. Na farko na gudanarwa ne. Na biyu na sauraro ne kawai, ba za a ba shi adireshi ba, don kada ya yi magana a hanyar da aka sa shi ya saurara.

Ma'auni uku za a kafa. SNMP yana faɗin yawan bayit da suka bi ta kowane rami, amma bai san na wane ne ba. NetFlow yana faɗin wa ya yi magana da wa, ta wace ƙofa (lambar da ke bambanta hidima da hidima), bayit nawa, amma bai san sunan manhaja ba. Ramin madubi, wanda suwic ke kwafo masa duk abin da ke bi ta wani rami, tare da manhajojin ntopng da Zeek, shi ke gane manhaja. Kowannensu yana da hanyar da yake ɓatar da mai karanta shi, kuma ba a ganewa sai an gwama shi da ɗan'uwansa. Shi ya sa aka kafa ƙa'ida: babu lambar da za ta shiga rahoto sai ma'auni biyu sun yarda da ita.

Ba za a adana fakitoci, wato gutsattsarin da bayanai ke tafiya a cikinsu, ɗungurungum ba. 100 Mbps daidai yake da 12.5 MB a sakan, 45 GB a awa, sama da 1 TB a kwana ɗaya, wato faifan ba zai ga jibi ba. Bayanan kwarara kuwa, wato taƙaitaccen bayanin kowace hira da NetFlow ke bayarwa, ko da an ƙaddara 400 a sakan, kowanne bayit 50, wajen 1.7 GB ne a rana, kusan 155 GB a kwana 90, tun kafin a matse su.

Abu biyu aka gama yau. An saita chrony, manhajar daidaita agogo, a saba, an nuna wa rauta da suwic ita a matsayin agogonsu, duka a kan UTC. Idan agogon rauta ya zame da minti uku, kwararar da ta faru 9:58 za ta faɗa gurbin 10:00, gwamawar da ake so kuma ta lalace. Sannan an sanar da ma'aikata a rubuce abin da za a auna, da abin da ba za a taɓa ba, da tsawon lokacin ajiya. Bai kamata a sa wa mutane ido a ɓoye ba, ko da kuwa adireshi da lambobi kawai ake kallo.

Alhamis, 5 ga Satumba

SNMP ya tashi. An ɗauki v3 mai tantancewa da sakayawa, domin v2c yana aika kalmar shiga a fili, duk wanda ya saurari wayar zai karanta ta. Prometheus, manhajar tara lambobi, yana tambayar snmp_exporter a ƙofar 9116 duk sakan 60, Grafana yana zanawa. An ɗaga ajiyar Prometheus daga kwana 15 da yake zuwa da su zuwa 180, in ba haka ba babu yadda za a gwama wata da wata.

A nan aka warware wani abu da ya daɗe yana rikita hira. Akwai tsohuwar manhajar zane da ke nuna cewa saukewa ba ta taɓa wuce 114 Mbps ba, kuma da ita ake kafa hujja cewa layin bai taɓa cika ba. Ashe tana karanta ifInOctets ne, mita mai bit 32, duk minti biyar. Mitar tana ƙirga bayit har 4,294,967,295 sannan ta koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika lambobinta. A 200 Mbps tana zagayowa cikin sakan 172, a gigabit cikin sakan 34. Manhaja tana iya gyara zagaye ɗaya tsakanin karatu biyu, amma ba ta da hanyar sanin an yi biyu. Idan aka raba bit biliyan 34.36 da sakan 300, sai a sami 114.5 Mbps. Duk abin da ya haura wannan yana fitowa a zane a matsayin ƙaramar lamba: layi na cike, zanen kuma yana nuna sauƙi. Maganin shi ne ifHCInOctets da ifHCOutOctets masu bit 64, kuma su kaɗai sabon tsarin ke karantawa.

An sa `snmp-server ifindex persist` a rauta, saboda lambar da SNMP ke ba kowane rami tana iya sauyawa bayan an kashe an kunna, sai zanen layin waje ya koma zanen wani rami dabam ba tare da wata alama ba. An ƙara ifOutDiscards da ifInErrors, mitocin fakitocin da aka zubar da waɗanda suka lalace, a allo. An kuma sa blackbox_exporter yana yin ping, wato auna lokacin zuwa da dawowa, zuwa wurare biyu a waje, da ɗaya zuwa na'urar kamfanin layi, don a riƙa ganin jinkiri kusa da cikar layi.

Litinin, 9 ga Satumba

NetFlow v9 daga rauta zuwa nfcapd, matattarar bayanan da ke saba, a ƙofar UDP 2055. Ba a ɗauki v5 ba domin IPv4 kaɗai ya sani. nfcapd yana rufe fayil duk minti biyar, an kunna matsewa da LZ4.

Da farko fayilolin sun riƙa fitowa babu komai a ciki, alhali tcpdump yana nuna fakitoci suna isowa. Ba lalacewa ba ce. A v9 bayanan ba su da ma'ana sai fasalinsu ya iso, wanda ke gaya wa matattara wane gurbi ne adireshi, wane ne yawan bayit. Rauta tana maimaita fasalin duk sakan 600 idan ba a taɓa ba, don haka duk lokacin da aka sake kunna nfcapd ana iya asarar har minti goma. `template data timeout 60` ya rage shi zuwa minti ɗaya.

Wurin da ake ɗora ma'aunin shi ne abin da ya fi muhimmanci. A ramin waje, bayan NAT, na'urori 180 duk suna fitowa da adireshi ɗaya, rahoton ya zama ba shi da amfani. An ɗora shi a ramin ciki, shiga da fita. Kuma a nan kaɗai: idan aka sa shiga da fita a ramuka biyun, kowane fakiti za a ƙirga shi sau biyu, jimilla ta ninka.

Sai maganar wa'adi. Rauta ba ta aika bayanin kwarara mai tsawo sai ta ƙare ko ta cika minti 30. A ɗauki fayil na 2 GB da aka sauke cikin minti 20: gudunsa na gaskiya wajen 13 Mbps ne. Amma idan bayaninsa ya iso a dunƙule, manhajar zane ta zuba shi cikin minti ɗaya, zai fito 267 Mbps a kan layin da bai wuce 200 ba. Duk wanda ya ga zanen NetFlow yana tsiri sama da ƙarfin layinsa, nan ya kamata ya fara dubawa. `cache timeout active 60` ya daidaita shi. An bar wa'adin shiru a sakan 15.

Rage wa'adin ya ƙara yawan fakitocin da ke zuwa saba, sai `netstat -su` ya fara nuna ana zubar da wasu a ma'ajiyar karɓa. NetFlow a kan UDP yake tafiya, abin da ya faɗi ya faɗi, ba wanda zai sake aikowa. Iyakar net.core.rmem_max a Linux na Debian 12 bayit 212,992 ce idan ba a taɓa ba. An ɗaga ta zuwa 16 MB, aka ba nfcapd `-B` daidai da haka, ƙirgar zubarwa ta tsaya cak.

Laraba, 11 ga Satumba

Saukewa ta manne a 200 Mbps kusan duk safiya. Jiya Talata ta biyu ce a wata, ranar da Microsoft ke sakin gyare-gyaren Windows, kuma adiresoshin da suka fi aiko da kaya na AS8075, lambar hanyar sadarwar Microsoft, ne da na Akamai, kamfanin rarraba kaya a intanet. An rubuta an ajiye. Wannan na wata-wata ne, ƙorafin kuwa na kullum ne, bai kamata a haɗa su ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Ramin madubi. Tushe shi ne ramin suwic da ke zuwa rauta, ɓangarori biyu, makoma kuma rami na 24 da ke zuwa katin sauraro. Jimillar abin da zai iya bi ta nan 240 Mbps ce, gigabit ya ishe shi. Da ramin da ke cika gigabit ta kowane ɓangare ne, da gigabit biyu za a tura cikin ɗaya, suwic ya zubar da rarar shiru, domin kwafin madubi shi ne abu na farko da yake sadaukarwa. A irin wannan hali sai TAP, na'urar da ake jonawa a kan waya don ta kwafi abin da ke wucewa, ko rami mai 10G.

An gwada madubin VLAN gaba ɗaya don ganin ko zai ba da ƙarin haske. Ba a ci gaba da shi ba. Fakiti yana fitowa sau biyu, lokacin shigarsa suwic da lokacin fitarsa, Wireshark ya ɗauke su a matsayin maimaicin TCP, allo ya cika da alamun asarar da ba ta faru ba.

A katin sauraro an kashe haɗe-haɗen da kati ke yi da `ethtool -K enp2s0 gro off lro off`. Idan an bar su, kati yana dunƙule fakitoci da yawa ya miƙa guda mai girman dubban bayit, lissafin yawan fakiti da girmansu ya karkace. ntopng da Grafana duk ƙofar 3000 suke nema, don haka an mayar da ntopng 3001 da `-w`. An kuma gaya masa da `-m` cewa 10.20.0.0/16 ne gida. Zeek yana rubuta conn.log, dns.log da ssl.log, kuma capture_loss.log ɗinsa yana nuna asarar da ba ta kai kashi 0.1 cikin ɗari ba. Wannan fayil shi ne shaidar cewa madubin yana gani sosai, ana duba shi kafin a yarda da komai daga ntopng.

Talata, 17 ga Satumba

Ranar gwamawa. An ɗauki awa ɗaya, tara zuwa goma, a rami ɗaya.

Saukewa: SNMP 45.7 GB, NetFlow 45.0 GB. Ɗorawa: SNMP 17.1 GB, NetFlow 16.5 GB. Jimillar ntopng ta zauna kusa da ta SNMP a duka biyun.

Tazarar ba kuskure ba ce, dole ma ta kasance. SNMP yana ƙirga firam ɗin Ethernet, NetFlow yana ƙirga daga kan IP. Bambancin bayit 18 ne a kowane fakiti, 14 a gaba, 4 a baya. A fakiti mai bayit 1500 wannan kashi 1.2 ne cikin ɗari. A ƙaramin ACK, wato amsar "na karɓa", mai bayit 40 kuwa, wanda ake cike shi har ya kai firam mai 64, ƙarin ya kai kashi 60. Ɓangaren ɗorawa cike yake da irin waɗannan ƙananan amsoshi, shi ya sa tazararsa ta kai 3.5 alhali ta saukewa 1.5 ce. Da tazarar ta kai kashi 10 ko 15, da sai a koma neman bayanan da ke zuba a hanya. Da NetFlow ya fi SNMP yawa, da ƙirga biyu ake yi.

Da ma'aunan suka yarda da juna, sai lambobin suka faɗi abin da ba wanda ya zo da shi. 45.7 GB a awa kusan 102 Mbps ne, rabin layin saukewa. 17.1 GB a awa kuwa 38 Mbps ne a kan 40. Matsakaicin awa guda ke nan, ma'ana layin ɗorawa a cike yake tun daga farkon awar har ƙarshenta. Duk gardamar da aka yi a kan saukewa aka yi ta.

Juma'a, 20 ga Satumba

Kafin a nemi mai cika layin, an tsaya a ga iya abin da ntopng zai iya gane wa.

Kusan komai yanzu ta ƙofar 443 yake bi a sakaye, lambar ƙofa ba ta ƙara faɗin komai. nDPI, injin da ke cikin ntopng, yana dogara ne da sunan saba da ake aikawa a fili (wato SNI) a gaisuwar farko ta TLS, tsarin sakaya hira, sai tambayoyin DNS masu neman adireshin suna da tsarin fakitocin farko. A TLS 1.3, wanda aka fitar a 2018, takardar shaidar saba ma an sakaya ta, saura SNI. QUIC, sabon tsarin hira da ke bi ta UDP 443, fakitinsa na farko a sakaye yake amma da makullin da kowa zai iya lissafawa, don haka ana iya ciro sunan. Wannan yana aiki ne kawai idan an ga farkon hirar. Kwararar da ta riga ta fara kafin a kunna ntopng za ta zauna a matsayin TLS kawai har ta mutu, shi ya sa ba a karanta rahoto a awar farko bayan sake kunnawa.

Dogaro da adireshi shi kaɗai yana ɓatarwa. AS15169 na Google ne, amma a cikinsa akwai YouTube, Gmail, Drive da Meet, wasa da aiki a buhu ɗaya. AS13335 na Cloudflare yana gaban ɗimbin shafukan da ba su da alaƙa da juna. Rahoton da ya ce Google ya ci kashi kaza bai amsa tambayar kowa ba. Ana haɗa bayanin nfdump, mai karanta fayilolin nfcapd, da gurbin server_name na ssl.log kafin a kira sunan manhaja.

DNS ma ya fara ɓuya ta hanyoyin sakaya shi biyu, DoT da DoH. DoT yana da ƙofarsa, 853, ana ganinsa. DoH kuwa ya saje da sauran 443. A sabar DNS ta ciki an sa use-application-dns.net ya riƙa dawo da NXDOMAIN, wato amsar "babu wannan suna", alamar da Firefox ke dubawa don ya bar DoH ɗin da yake kunnawa da kansa ya koma DNS na gida.

An kawo shawarar a sa na'urar da ke buɗe TLS a tsakiya don a ga komai. Ba a karɓa ba. Tana buƙatar a dasa takardar shaida a kowace na'ura, tana karya manhajojin da suka ƙulle takardarsu, kuma tana mayar da saba guda wurin da kalmomin sirrin kowa ke wucewa a buɗe. Tambayar da ake son amsawa ita ce me ke cika layi, sunan saba da yawan bayit sun isa.

Gane na'ura ma yana da nasa aikin. Adireshin IP na yau ba lallai ne na jiya ba, don haka ana kwafo rajistar DHCP, mai raba adiresoshin, zuwa saba a haɗa ta da lokaci. Wayoyin hannu tun daga Android 10 da iOS 14 suna ƙirƙirar adireshin MAC (lambar katin sadarwa) na bogi ga kowane Wi-Fi. Ana gane su da harafi na biyu: 2, 6, A ko E. A VLAN na baƙi ba a ma ƙoƙarin bin su, jimilla kawai ake ɗauka.

Laraba, 25 ga Satumba

An gano bakin zaren. Umarnin ɗaya ne: `nfdump -R` a kan fayilolin tara zuwa sha ɗaya, da `-s srcip/bytes -n 20`, a tace da `src net 10.20.0.0/16`.

Huɗu na sama kamarori ne. Kowacce tana tura babban hotonta, 4 Mbps, zuwa ma'ajiyar waje dare da rana. 16 Mbps ke nan a tsaye, kashi 40 cikin ɗari na layin ɗorawa, kowace kamara 43 GB a kwana. Su kaɗai ba sa cika layi, shi ya sa da yamma ba a jin komai.

Sauran jerin kwamfutocin tafi-da-gidanka ne, duk suna magana da saba ɗaya ta ajiyar kwafi. An saita ajiyar ta gudana da dare, amma da dare kwamfutocin a rufe suke cikin jaka. Manhajar kuma an bar mata zaɓin rama aikin da ya wuce da zarar an kunna. Kowa ya buɗe tasa wajen ƙarfe tara, duk su taso a lokaci ɗaya su raba 24 Mbps da ya rage. Idan abin da za su tura ya kai 20 GB a haɗe, awa biyu ba kaɗan zai ɗauka, daidai tsawon lokacin ƙorafin.

Bidiyon nishaɗi da aka so toshewa yana ɓangaren saukewa ne, wajen kashi ɗaya cikin biyar nasa, a inda rabin layi ke zaune babu kowa. Da an toshe shi, da mutane sun ji haushi, kiran kuma ya ci gaba da yankewa.

Abin da ya sa cikar ɗorawa ke taɓa kowa yana cikin zanen ping. Da asuba jinkiri zuwa waje milisakan 18 ne, da ƙarfe tara da rabi yana haura 300. Rauta tana miƙa wa na'urar kamfanin layi kaya da gudun gigabit, ita kuma 40 Mbps take iya fitarwa, sai rarar ta yi jerin gwano a ma'ajiyarta. Jerin 1.5 MB a kan 40 Mbps milisakan 300 ne cif. Fakitin murya, tambayar DNS, da ACK na wanda ke sauke fayil, duk bayan wannan jeri suke tsayawa. ACK ya makara, mai aikowa ya rage gudu, saukewa ta yi nauyi alhali layinta a buɗe yake. Shawarar ITU-T G.114 ga murya ita ce kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milisakan 150. Matsakaicin minti biyar ba ya nuna wannan ciwo da kyau, ping ne ke nuna shi.

Talata, 1 ga Oktoba

Gyara uku.

An mayar da kamarori su riƙa tura ƙaramin hoto zuwa waje, 512 kbps kowacce, babban ya tsaya a na'urar naɗa ta cikin gida. 16 Mbps ya koma 2.

A manhajar ajiya an sa wa kowace kwamfuta iyakar 1 Mbps a lokutan aiki, aka kuma warwatsa lokacin farawa tsakanin tara da uku.

Na uku shi ne wanda zai tsare gaba, ko da wani sabon abu ya taso. An sa `shape average 36000000` a ramin waje na rauta, wato an ƙayyade ɗorawa a 36 Mbps, kashi 90 cikin ɗari na 40. Hikimar ita ce a jawo jerin gwanon daga na'urar da ba mu da iko da ita zuwa wadda muke da iko da ita. An sadaukar da 4 Mbps, an sami damar zaɓar wanda zai fara wucewa. A ƙarƙashinsa akwai aji mai fifiko na DSCP 46, alamar da ake buga wa fakiti don nuna darajarsa, sauran kuma `fair-queue`. Alamar ana buga ta ne a ramin ciki, lokacin shigowa, saboda a ramin waje NAT ya riga ya shafe adireshin asali. Masu samun 46 su ne VLAN na wayoyin tebur, da UDP 3478 zuwa 3481 na Teams, 8801 zuwa 8810 na Zoom, 19302 zuwa 19309 na Meet. Ajiyar kwafi ta sami CS1, wato 8, ta koma ƙarshen jeri. An sa wa ajin fifiko rufin 10 Mbps, don kada wata na'ura ta buga wa kanta 46 ta kwashe layin.

An gwada da iperf3, manhajar gwajin gudu, daga ciki zuwa waje har layin ya cika, ping bai wuce milisakan 35 ba. ifOutDiscards a ramin waje ya tashi, kuma haka ake so: zubarwar tana faruwa a inda ake ganinta, a kan kayan da za su iya jira.

Laraba, 9 ga Oktoba

Talata ta biyu ta sake zagayowa. Windows yana da hanyar raba gyare-gyare tsakanin kwamfutocin gida ta ƙofar TCP 7680, ɗaya ta sauke, saura su karɓa daga gare ta. A watan jiya `Get-DeliveryOptimizationStatus` yana nuna BytesFromPeers, abin da aka karɓa daga kwamfutocin gida, kusan sifili. Dalilin shi ne zaɓin raba na'urori da juna da ke kunne a Wi-Fi na ma'aikata, wanda ke hana kwamfuta biyu ganin juna. An kashe shi a can makon jiya, an bar shi a na baƙi inda ya dace.

Yau saukewa ta taɓa 200 na ɗan lokaci ta sauko, BytesFromPeers ya wuce BytesFromHttp, abin da aka sauko daga waje, a yawancin kwamfutocin da aka duba. Abin lura: wannan musayar ba ta bayyana a NetFlow ko a madubi ba ko kaɗan, domin ba ta bi ta rauta. A mitocin SNMP na ramukan Wi-Fi kaɗai aka gan ta.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ƙararrawa huɗu aka bari: ɗorawa sama da 32 Mbps na minti goma a jere, ping sama da milisakan 100 na minti biyar, asarar madubi sama da kashi 1, sai shirun NetFlow na minti goma. Ta ƙarshen ta fi sauran daraja. Idan matattara ta mutu zane yana kwanciya a sifili, ido kuma yana karanta shi a matsayin lafiya lau.

An lissafa mataki na 95 na kwana 30: karatu 8,640 na minti biyar-biyar, a jera, a zubar da 432 na sama, wato awa 36, a ɗauki na gaba. Saukewa ta ba da 138 Mbps. Sai dai darare da ranakun hutu suna cikin lissafin suna ja shi ƙasa, don haka an sake yi da lokutan aiki kaɗai, ya ba da 161. Da wannan na biyu za a yi shawara. Ban da gwajin iperf3, ɗorawa tun daga 1 ga Oktoba ba ta wuce 24 ba. Babu hujjar ƙara layi yanzu. Za a sake dubawa idan lambar lokutan aiki ta kai 170 wata biyu a jere.

nfexpire yana share bayanan kwarara bayan kwana 90, na Zeek bayan 30. Rahoton wata yana fita da sunan sashe da na manhaja, ba da sunan mutum ba, kuma mutum biyu kaɗai ke iya buɗe ɗanyen bayani.

Abin da ya rage: zirga-zirgar cikin gida har yanzu a duhu take. Za a gwada sFlow a suwic ɗin benaye, ƙofar UDP 6343, fakiti ɗaya cikin 1,000. Kuskurensa kusan 196 ne a raba da tushen murabba'in yawan samfurin: samfur 100 yana ba da kashi 20 cikin ɗari, 10,000 yana ba da kashi 2. Zai nuna manyan masu ci, ba zai kama ƙaramar hira ba, kuma ba za a yi amfani da shi wajen binciken tsaro ba. Sai tsarin kwarara na biyu don IPv6 kafin kamfanin layi ya kunna shi, domin na yanzu IPv4 kaɗai yake kamawa. An kuma buɗe zane na musamman ga kason TLS da ntopng ya kasa sa wa suna, wanda ke wajen kashi 6 a yau. Wani sabon tsari mai suna ECH yana sakaya SNI ɗin kansa, Firefox da Chrome duk sun riga sun iya shi, kuma a wannan zanen za a fara ganin yaɗuwarsa.